Yadda Mazaunin Legas Zai Shirya wa Hawan Dutse da Keke

Legas gari ne shimfiɗaɗɗe. Daga Obalende har Ajah, in ka cire gadoji, da ƙyar za ka samu tudun da zai tashe ka daga kan sirdi. Shi ya sa masu tuƙa keke a nan suke da matsala iri ɗaya: a kan kwalta miƙaƙƙiya ba a kama su, amma ranar da aka kai su Jos ko Obudu, kafin a ci kilomita biyu da fara hawa sun sauka suna tura keke da hannu. Ba ragwanci ba ne. Ƙafar da ta saba da Lekki ba ta san abin da dutse yake nema ba, haka ma keken da aka saya don titin Lekki.

Ni a Agege nake zaune, kuma kusan duk atisayena a cikin garin nan nake yi. Wannan bayani na mutumin da ya riga ya mallaki keke ne, yana fita Asabar ko Lahadi, kuma ransa ya fara biya masa ƙasar tuddai, ko don yawon buɗe ido ko don tsere mai nisa. Ra'ayina a kai ɗaya ne: hawa ana iya koyonsa a Legas in akwai haƙuri da giyar da ta dace. Gangara ce ba a iya koya a nan, kuma ita ce take kai mutum asibiti.

San dutsen da za ka

Ana auna tsananin hawa da kashi cikin ɗari. In an ce hawa kashi 8 ne, ana nufin duk mita 100 da ka ci gaba, ka ɗaga sama mita 8. Kashi 3 ko 4 kowa zai hau yana hira. Daga 6 zuwa 8 aiki ya fara. Ya wuce 10 kuma, mai nauyin jiki sai addu'a. Shahararren hawan nan na Alpe d'Huez a Faransa, wanda ake bi a gasar Tour de France, tsawonsa kilomita 13.8 ne, tsananinsa kashi 8.1, da kwanoni masu kaifi 21. Ƙwararru kan gama shi cikin kamar minti 40. Irinmu kuwa awa ɗaya da rabi ba abin kunya ba ne.

A gida ma muna da namu. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, duwatsun Shere da ke gefenta sun kai mita 1,829. Tsaunin Mambila a Taraba, inda Gembu take, yana wajen mita 1,600, kuma a jihar ne Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Obudu a Kuros Riba shi ma ya kusa mita 1,600, hanyar hawansa kilomita 11 ce mai kwanoni sama da 20. Hawan Kibo da ke hanyar Akwanga zuwa Jos kowa ya san sunansa, amma ba na ba sabon shiga shawarar sa, don hanyar tireloli ce, kuma an san abin da birkin tirela yake yi a wurin.

Kada ka fara da waɗannan. Abekuta da Ibadan suna kusa, kuma suna da tuddan da za su gwada maka matsayinka. In ka ƙara gaba akwai Idanre a Ondo da tuddan Ekiti wajen Efon Alaaye.

Giya kafin komai

Yawancin kekunan tsere 'yan Kwatano da ake sayarwa a nan suna zuwa da ƙaramin farantin gaba mai haƙori 39, babban haƙorin baya kuma 25. A Legas wannan ya wadatar har ya yi yawa. A kan dutse kuwa azaba ce, kuma ga lissafin. Tayar keken kwalta in ta juya sau ɗaya tana cin kamar mita 2.1. Da 39 a gaba da 25 a baya, juyin feda ɗaya yana kai ka mita 3.3. A hawa mai tsanani gudun mai son abin bai wuce kilomita 9 a awa, wato ƙafarka za ta riƙa juyawa sau 46 kacal a minti, kowane juyi kana danna feda da dukan nauyinka. Gwiwa ba ta jure wannan na awa guda. Amma in ka sa 34 a gaba da 34 a baya, a wannan gudun dai, ƙafarka za ta juya kusan sau 70 a minti. Gudu ɗaya, dutse ɗaya, amma an raba nauyin ƙanana-ƙanana, numfashi da zuciya sun karɓi aikin da dā gwiwa kaɗai take yi.

Saboda haka kuɗin farko da za ka kashe, a nan za ka kashe shi. Ka nemi faranti 50 da 34 a gaba, haƙoran baya kuma daga 11 zuwa 32 ko 34. Ka tabbata mai gyara ya duba ko abin canja giya na baya zai iya ɗaukar babban haƙori, don gajeren ba ya kaiwa, kuma galibi sai an sa sabuwar sarƙa mai ɗan tsawo. Wataƙila ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ai wannan giyar tsofaffi ce." Ka ce masa, "Malam, sa mini ita haka nan." Manyan 'yan tsere ma in ranar dutse ta zo irin ta suke sawa. Mai keken daji ba shi da wannan damuwa, domin nasa yakan zo da haƙorin baya har 50 ko fiye.

Ba na goyon bayan kashe maƙudan kuɗi don rage wa keke rabin kilo. Mutumin da tumbinsa ya ɗauki kilo biyar na banza ya fara daga can, ya fi araha.

Sirdi kuma a daidaita shi: ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. In sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa zai yi ciwo. In ya yi sama, bayanta.

Ƙera dutse a inda babu

Hanya ta farko ita ce maimaita ɗan tudun da kake da shi. Ɓangaren Mainland na Legas bai rasa su ba: Magodo, Ogba, Ojodu, wasu unguwannin Ikorodu, da kuma Epe in ka iya zuwa can. Gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, masu keke da masu sassarfa suna cika ta da sassafe, kuma hawanta yana da amfani ko da yake gajere ne. A ce ka samu tudu mai tsawon mita 400 da tsananin kashi 6. Hawa ɗaya mita 24 ke nan. Sau goma, mita 240. Kafin ka tara mita 1,000, kwatankwacin babban dutse guda, sai ka hau shi sau 42. Da gajiyar da rai, na sani, masu shago a bakin layin har sukan fara tambaya ko wani abu ya ɓace maka. Amma haka masu abin suke yi a ko'ina. Akwai ma waɗanda suke maimaita tudu ɗaya har su tara mita 8,848, tsayin Everest, a fita guda. Kai fara da sau shida, ka riƙa ƙarawa, kuma ka hau a zaune, ba a tsaye kana fizgar keke ba.

Matsalar ɗan tudu ita ce yana ƙarewa cikin minti biyu, ka huta a gangara. Babban dutse ba ya ba ka wannan hutun. Don haka hanya ta biyu ta fi muhimmanci: ka samu titi miƙaƙƙe marar tsayawa, ka sa giya mai nauyi, ka fuskanci iskar teku, ka riƙe ƙarfi ɗaya na minti 10 ba sassautawa, ƙafa na juyawa kamar sau 60 zuwa 70 a minti. Ka huta minti 5, ka sake. Sau uku ya isa. A hankali ka kai minti 20. Ma'aunin ƙarfin shi ne bakinka: in za ka iya faɗin kalma uku ko huɗu amma ba za ka iya ba da labari ba, kana daidai. In gwiwa ta fara suka, sauƙaƙa giya nan take.

Irin wannan aiki mai zafi sau biyu a mako ya isa, kuma ba a jere ba. Sai doguwar fita guda a ƙarshen mako, a hankali, ana hira, daga awa biyu ana ƙarawa har huɗu ko biyar. Kada ƙarin ya wuce kamar kashi 10 a mako, kuma duk mako na huɗu ka rage aiki jiki ya murmure. Wata uku a haka yana canja mutum. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini ko ciwon suga, ya ga likita tukuna. Wanda zazzaɓi ya kayar kuma ya bari sai ya warke sarai.

Lokacin fita a garin nan sananne ne: da an sallame Asuba, ranar Asabar ko Lahadi, kafin danfo ya farka. Fitila gaba da baya, hular kwano, riga mai haske, kuma a fita a ƙungiya. Ka bar layin BRT. Ka sa ido kan kwatar da aka sace murfinta, da yashin da ruwa ya tara a gefen titi, da ɗan acaɓan da ya biyo hannun da ba nasa ba. Iskar gishiri da daminar Legas suna cin sarƙa, don haka bayan kowace fita cikin ruwa a goge ta da tsumma a ɗiga mata mai.

A watan azumi ni dai ba na yin aiki mai zafi da rana. Awa ɗaya a hankali dab da Magariba, ko bayan asham a cikin unguwa mai fitila, ya isa ya riƙe maka abin da ka tara.

Ci da sha a kan sirdi

Sukarin da jiki ya ajiye a tsoka da hanta yana ɗaukar mutum kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki tuƙuru. In ya ƙare ba ya sallama. Ƙafa ta mutu, kai ya yi fayau, hannu na rawa, ka ji haushin kowa. Maganinsa a ci tun ba a ji yunwa ba. In fitar za ta wuce awa ɗaya da rabi, fara ci tun a awar farko, kuma duk minti 20 zuwa 30 ka jefa wani abu a baki. Abin da ake nema gram 30 zuwa 60 ne na sitaci ko sukari a kowace awa. Ayaba ɗaya tana ba da kamar 25. Ƙananan dabino biyar ko shida ma haka. Yankan burodin Agege da zuma a leda yana aiki sosai. Ba sai ka sayi 'yan fakitin nan masu tsada na waje ba. Kilishi da ƙuli-ƙuli a bar su sai an sauka, suna daɗewa a ciki.

Ruwa kuwa gora ɗaya ta rabin lita zuwa lita ɗaya saura kwata a kowace awa, a kurɓa kaɗan-kaɗan. Gumin Legas yana fita da gishiri mai yawa, za ka ga farin zane a rigarka in ta bushe. Don haka gora ɗaya ruwa zalla, ɗayar kuma a zuba mata garin gishiri da sukari na kemis. Ɗirkar ruwa zalla fiye da kima a doguwar tafiya shi ma yana da haɗari, yana tsinka gishirin jini. In ka dawo, fura da nono ta gama magana.

Ranar hawa

Kuskuren kowa a ƙasan dutse yake. Jiki da ƙarfi, abokai sun zabura, kai ma ka bi. Ƙyale su. Shiga hawan da giya mai sauƙi tun kafin ƙafa ta nema, ka yi sulusin farko da ƙarfin da kake ganin ya yi kaɗan. Zauna can baya a sirdi, hannu a saman kan keke, kafaɗa a sake, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Numfashi daga ciki. Lokaci-lokaci ka ƙara giya ɗaya ka miƙe tsaye na 'yan daƙiƙoƙi don baya ya huta, sannan ka koma. A kwana, cikin lanƙwasar ya fi tsanani, wajenta ya fi sauƙi, amma kada neman sauƙi ya kai ka hannun mota mai gangarowa. In za ka canja giya, ɗan sassauta ƙafa daidai lokacin, in ba haka ba sarƙa za ta yi ƙara, tana iya tsinkewa.

Can sama iska ta fi sirantaka. A mita 1,500 kowane numfashi yana ba ka kamar kashi biyar cikin shida na abin da kake samu a bakin teku. Mutumin Legas zai ji haki da wuri, barcin daren farko ma ba daɗi. Ka isa da kwana biyu kafin babban hawa, ka yi 'yar fita mai sauƙi. Ba banza ba ƙasashen tudu suke fitar da gwanaye: Biniam Girmay, wanda ya ci koriyar riga, kyautar wanda ya fi tara maki, a Tour de France ta 2024, ɗan Asmara ne, birnin da ya haura mita 2,300, kuma Kigali mai tuddai ce ta karɓi gasar keke ta duniya a 2025, karo na farko a Afirka.

Sanyi ma yana jira. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Ka iso sama jiƙe da gumi, iska ta buge ka a gangara, haƙora su fara haɗuwa, yatsu su ƙi kama birki. 'Yar rigar iska mai shiga aljihu ita ce magani.

Gangara

Kafin ka bar gida, san wane hannu ne birkin gaba. Kekunan da suka fito daga Ingila galibi dama ne, na Amurka da sauran Turai hagu. Tunda namu daga ko'ina suke zuwa, kada ka ɗauka, ka gwada. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke, na baya taimako yake yi, in ka matse shi shi kaɗai taya za ta ja ƙasa. Amma in ka fizgi na gaba kana zaune a gaba, ta kan keke za ka wuce. Ka ja jiki baya, ka matsa biyun tare, a hankali kana ƙarawa.

Ga yadda ake shan kwana mai kaifi. Tun kana kan miƙaƙƙen wuri ka rage gudu har ya kai wanda za ka iya shiga da shi, kafin ka fara karkata. Hannu a ƙasan kan keke inda yatsu suka fi kama birki. Fedar da ke waje ta sauka ƙasa, ka danna ta da nauyinka, ta ciki tana sama don kada ta daki kwalta. Sassauta birki, ka karkatar da keken, idonka a kan mafitar kwanar. Kada ka kalli ramin da kake tsoro ko bakin kwazazzabo, don inda ido ya tsaya nan keke yake zuwa. Ka zauna a hannunka, ka ɗauka cewa bayan kowace kwana akwai mota, ko shanu, ko tsakuwa da ruwa ya zubo. A Mambila da Jos shanun ba zato ba ne.

Kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Birkin roba yana zafafa rim, wato ƙarfen da taya take zaune a kai, har tiyub ya fashe, na faifai kuma in ya yi zafi sosai yana daina kamawa. Ka matsa da ƙarfi, ka saki, ka sake matsawa. In gangarar doguwa ce, tsaya a wuri mai fili ka bar shi ya huce, kuma kada ka taɓa faifan da hannu. Bayan ruwan sama birkin roba yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya kama.

Abin da za ka iya yi a Legas shi ne ka samu fili marar mota da safe, ka jera gorunan ruwa, ka koyi tsayawar gaggawa da shan kwana hagu da dama har hannu ya saba. Sauran sai a Abekuta ko Ibadan, a bayan wanda ya iya, da tazara mai yawa tsakaninku.

Mai keken daji yana da ƙari. A turɓaya da tsakuwa a rage iskar taya zuwa tsakanin 22 da 30 a ma'aunin PSI na famfo, gwargwadon nauyinka, ta fi kama ƙasa. A gangara tashi daga sirdi, feda biyu a daidai, gwiwa da hannu a sake, yatsa ɗaya a kan kowane birki. A hawa kuma zauna, ka sunkuyo gaba, don in ka miƙe tayar baya za ta yi ta juyawa a banza. Inda ka ga ya fi ƙarfinka, sauka ka tura.

In tsere ne mai nisa

Tseren juriya irin Cape Epic na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 2004, kwana takwas ake yi a kan keken daji, mutum biyu-biyu, kuma dole su tafi tare. Ko ba za ka can ba, tsarin ya dace da kowace doguwar tafiya: da abokin da ƙarfinku ya zo ɗaya, kuma mai rauni a ranar shi ke yanke gudu. Don jiki ya saba da tashi a gajiye, riƙa haɗa Asabar da Lahadi, doguwa yau, matsakaiciya gobe. Kada ka gwada sabon abinci, sabon sirdi ko sabon takalmi ranar tsere.

Wandon keke mai soso yana hana gurjewa, kuma ba a sa komai a ƙarƙashinsa. Da yawanmu matsewarsa ce take hana mu sawa. Sai a ɗora wando mai ɗan faɗi wanda ya rufe gwiwa a kai, a ɗaure bakinsa na dama kada sarƙa ta kama. 'Yan'uwa mata ma haka, da riga mai tsawo wadda ba za ta shiga taya ba. Da an sauka a cire shi a wanke.

A 'yar jakar ƙarƙashin sirdi: tiyub biyu, faci da sholisho, libar cire taya, ƙaramin famfo, alanki, mahaɗin sarƙa, da kuɗi a hannu, don can ba ko'ina ake samun sabis ba balle a tura kuɗi. Ka koyi canja tiyub da kanka, mai faci ba ya zama a kwana ta goma sha biyar. In ka cire wanda ya fashe, bi cikin tayar da yatsa a hankali ka nemo ƙayar ko wayar da ta huda shi, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu.

Wajen ɗaukar keke a mota, cire tayoyin, ka sa shi a kwali, ka kwance abin canja giya na baya ka naɗe shi da tsumma, domin ɗan ƙarfen da yake riƙe shi ne yake fara lanƙwashewa in yaran mota sun ɗora buhu a kai. Batun tsaro kuma ba a yanke shi daga Legas. Tambayi mutanen wurin a makon da za ka tafi, ka hau da ɗan gari, ka sanar da wani hanyar da za ka bi, kuma ka sauko kafin La'asar sakaliya. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu hanya ta fi bushewa, sai dai hazo da ƙurar hunturu suna rage gani, don haka fitilar baya ta kwana a kunne ko da rana ce.